Waken Da Na Tsince Maki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Saratu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka lafiya. Allah Ya tsare maki hanya daga ƙofar gidan nan har Funtua, daga Funtua har jami'a, Ya kiyaye ki daga direba mai gaggawa da masu tare hanya, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronSa. Amin.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna a cikin jakarki alhali gida ɗaya muke kwana, jiya ma ni na yi maki kitso. Sau nawa ina buɗe baki zan yi maki maganar nan, sai in fasa. Kin san ni, ba na shayin kowa a magana, amma wannan na rasa ta inda zan kamo ta. Yau da kika tafi Malumfashi yi wa su gwaggonki sallama, sai na ɗauko biro. Rubutun ajin yaƙi da jahilci ne, in kin ga harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Ga maganar. Waken nan da kika auna bara don aikinki na gama digiri, wanda injinku bai ga maganin ƙwari a cikinsa ba, ba waken sayarwa ba ne. Waken ci ne, na cikin duro. Ni na canza shi.

Kin sani sarai, tun kina yarinya wake biyu ne a gidan nan, kamar kowane gida a ƙauyenmu. Akwai na ci, wanda nake zubawa a duro da toka da busasshen barkono in toshe bakinsa. Akwai na sito, wanda Babanku ke yi wa fiya-fiya da garin maganin ƙwari ya ɗinke a buhu, ya jira masu sari su zo da manyan motoci in damina ta faɗi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga dalilin da ya sa ba a cin na sito. Haka na tarar ana yi, haka nake yi.

Lokacin da kika bugo waya kika ce in ɗebo maki wake daga namu da na maƙwabta in ba direba ya kai maki, kin ce na sito, ban musa ba. Na shiga siton kuwa. Ina kwance bakin buhu warin maganin ya buge ni har sai da idona ya kawo ruwa. Ga matattun ƙwari, ga tsakuwa, ga ɓawo. Na tsaya na ce, yanzu wannan 'yata za ta kwance a gaban malamanta, mutane masu fararen riguna, a ce daga gidansu ya fito? Wallahi kunya ce ta kama ni tun daga kai har ƙafa. Na ɗaure buhun, na je na buɗe duro, na bakace, na zauna a tabarma na tsince shi ɗaya-ɗaya kamar zan kai gidan surukai. Da na zagaya gidajen maƙwabta na ce jami'a za a kai, kowacce ta shige ɗaki ta fito da mafi kyawun abin da take da shi. Ba wadda ta nufi sito. Har addu'a suka bi shi da ita.

To ke ma, Saratu, da laifinki, kada ki ɗora mani duka. Kin ce na sito, amma ba ki ce mani dattin kike so ba. Ina na taɓa jin an aika wa mutum abu, kuma a ce mummunan ake nema? Da kin ce, Inna, warin nan shi nake biɗa, da na gane. Ko kuma da ban gane ba, oho. Har yanzu in na zauna ina juya abin, sai in ga kamar alheri na yi maki, sai kuma in ga kamar na haƙa maki rami. Kaina ya kulle.

Abin da zan ce maki a nan shi ne, yanzu da za ki koma ki yi babban binciken, duk abin da za ki auna ki je ki ɗebo shi da hannunki. Ruwan rijiya ne, ƙasar gona ce, hatsi ne, ki tsuguna ki ɗiba da kanki. Kada ki aiki wanda ke sonki, kada ki aiki wanda ke jin kunyarki. Mutanenmu ba maƙaryata ba ne, amma ba za su taɓa miƙa wa mai karatu na ƙasan buhu ba. In kika ce a ba ki ruwan rijiya za a tace maki shi, a sa alif datti ya kwanta, a zuba a kwalbar da aka wanke da sabulu mai ƙamshi. Na san haka don ni ma abin da zan yi ke nan.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Bakina ne ya ƙarasa ɓarnar.

Da kika zo hutu kika nuna mani takardar da injin ya zana, wani layi a kwance ba tudu, kika ce da akwai magani da an ga layin ya tashi tsaye a wani wuri. Ni dai layi na gani. Na ce alhamdulillahi, ashe babu. Kika ce, “Inna, ban ce babu ba, na ce injin bai gani ba.” Na ce maki to mene ne bambancin, kika fara wani dogon bayani na cewa kowane inji yana da iyakar ƙanƙantar abin da idonsa ke kamawa, kamar a jefa ɗan gishiri a randa. Ina jinki ina gyaɗa kai, amma hankalina na kan tukunya. Kuma a ranar ko kaɗan ban haɗa zancen da canjin da na yi ba, na ma manta da shi. Murna kawai nake, 'yata ta yi abin da ba a taɓa yi ba a zuri'armu.

Bayan kin koma aka yi suna a gidan Lantana mai ƙosai, maƙwabciyarmu ta bayan katanga. Mata sun cika tsakar gida, aka tambaye ni labarinki, ni kuwa na gyara zama. Na ce ai Saratu ta kai waken garin nan jami'a, an sa shi a inji, an wanke shi tas, ba a sami ko ɗigon magani ba. Aka yi ta guɗa. Kafin magariba maganar ta zaga gari, kuma ta ƙara ƙiba a hanya. Sai ga shi ana cewa jami'a ta ce maganin ba ya zama a cikin wake.

Da kaka ta yi, Lantana ba ta zuba a duro ba, ba ta tara toka ba. Duk wakenta, na ci da na sana'a, ta sa aka yi mashi magani aka ɗinke wuri ɗaya. Daga nan take ɗiba ta jiƙa ta markaɗa, ta soya a bakin tasha kowace safiya, daga nan kuma take dafa wa gidanta. Ba ita kaɗai ba ce, amma ita nake gani. Ranar da na leƙa na same ta tana ɗiba a buhun, warin ya kai har zaure, na ce Lantana lafiya? Ta yi dariya ta ce ai 'yarki ta hutar da mu. A nan ne abin ya faɗo mani a rai gaba ɗaya, duro da faifai da tabarmar da na zauna. Na koma gida ban ko ɗauki rariyar da na je ara ba.

Don haka ki kula da yadda maganarki ke tafiya in ta bar bakinki. Ku a can kuna da kalmominku, kun san inda kowacce ta tsaya. Mu a nan magana ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. In kin faɗa wa mutum sakamako, ki sa shi ya maimaita maki da bakinsa, ki ji abin da ya ɗauka. Ko ni ce, musamman ma ni. In kin ga ina gyaɗa kai da sauri, to ban gane ba.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana cin raina, wanda ban san ko kuskure ba ne ko ba kuskure ba. Ni a sanina, in aka shanya wake a rana warin ya fita, to magani ya fita. Wata shekara, kina firamare, na duro ya ƙare kafin sabo ya shigo, na ɗebo na sito na baza a tabarma har ya daina wari, na wanke na dafa. Gidan nan kaf aka yi ta ciwon ciki da amai. Aka ce ruwan sabuwar damina ne ya gurɓata rijiya, aka ce ɗanyen mangwaro ne, na yarda, don ni ma ban ga dalilin zargin wake ba. Bayan haka na sake yi wasu shekarun, ba abin da ya sami kowa. To wanne zan kama? Na taɓa tambayarki a kaikaice, kika ce wani maganin yana tashi ya bi iska, wani yana maƙalewa, wani kuma ba ya sa ciwo yau, sai ya yi ta taruwa a jiki a hankali. Na ce to namu wanne ne a ciki? Kika ce sai an auna. Kullum amsarki ke nan, sai an auna, har haushi take ba ni.

Shawarata a nan ita ce kada ki yarda da hanci, kada ki yarda da ido, sun yaudare ni. Amma kuma injin naku ma kada ki sallama mashi gaba ɗaya. Injin da kika ce sai an sa mashi na'urar sanyi, ba a barin kowa ya taɓa shi, ni Innarki da faifai na ruɗe shi ina zaune a tsakar gida. Abin da aka ba shi ya faɗa, bai san daga ina aka ɗebo ba. To in ba hanci, ba ido, ba inji, da me mutum zai yarda? Ban sani ba. Ke kika yi karatun, ki nemo amsar.

Da abin ya ishe ni na faɗa wa Babanku. Ya ce in bar maganar a cikina. Ya ce in aka ji waken ƙauyen nan na da magani, masu sari za su juya motocinsu su nufi wajen Kafur ko Dandume, kuma ba wanda zai manta cewa 'yar gidan wane ce ta jawo. Ya ce in ba a sa maganin ba, kafin damina buhu ya zama gari, shin masu cin waken a birni sun taɓa zuwa sun ga wahalar shekara ta koma ƙura? Na ce ai akwai buhun nan mai leda a ciki da ba ya buƙatar magani. Ya ce ɓera ɗaya ya huda shi an gama, kuma ba kullum ake samunsa ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Babanku ba mugu ba ne, kin sani. Shi ne ma ke kwaɓa maganin da hannunsa ba safa, ya fito yana tari yana murza ido. Na bi maganarsa na yi shiru, wata ya bi wata, ina jin ƙarar markaɗen Lantana ta bayan katanga.

Wannan shirun ban ji daɗinsa ba ko na rana ɗaya. Ina faɗa maki ne don ki sani, in za ki rubuta abin da kika gano, kada ki rubuta mu a matsayin azzalumai. Ki rubuta har da ƙwarin, har da ɓeran, har da tarin Babanku. Kada ki sa sunan kowa. Amma abin da injin ya nuna kada ki rage mashi ko ƙwayar gero don ki rufa mana asiri. Ga shi na ce ki rufa, na ce kada ki rufa. Ki karanta ki ga yadda uwarki ta zama.

Makon jiya na kasa daurewa, na je na sami Lantana ita kaɗai. Na faɗa mata komai, tun daga duro. Ta ajiye ludayi ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce, “Ke da bakinki kika ce jami'a ta wanke shi, a gaban jama'a, a gidana. Yanzu don kin ga ciniki ya buɗe mani za ki zo da wata magana? In Saratu ta zo da takarda ta ce akwai, na bari. Ke dai ba inji ba ce.” Raina ya ɓaci, na so in mayar mata, amma da wane baki? Shekara da shekaru muna aron gishirin juna, yau ni ce mai baƙin ciki. Na fito. Da safe na ji tana markaɗe kamar kullum.

Kin ga inda aka tsaya. Maganata ta mutu a garin nan, taki kawai za a ji.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ke. Na ji kina cewa wancan aikin ne ya sa malamarki, Daktar nan da kike yawan yabo, ta ce ki dawo ki ci gaba a ƙarƙashinta. In ta ji waken ba shi ba ne, za ta kore ki? Za a ce kin yi maguɗi? Za a karɓe takardarki ta digiri? Ban san dokarku ba, kuma ba wanda zan tambaya ba tare da na tona ba. Da farko niyyata in ce maki ki yi shiru, ki sake aunawa a ɓoye, in ya fito daban ki ce shekara ce ta canza. Har na fara rubuta haka na yage takardar. Na gwada shiru, na ga abin da ya haifar. Ki je ki same ta tun kafin ki kwance kayanki, ki gaishe ta da ladabi, ki faɗa mata yadda aka yi. Ki ce uwarki ce, baƙauyiya, ta tsince maki wake don kada ki ji kunya. In tana so ta ji daga bakina ki haɗa mu a waya, in za ta yi faɗa ta yi da ni. In kuma wannan shawarar ce za ta jawo maki asara, to Saratu ki yafe mani, iyakar abin da hankalina ya ba ni ke nan.

Sauran abubuwan kin san su, amma sai na faɗa. Ki riƙe salla a kan lokaci ko injin na tsakiyar aiki, ki roƙi wata ta duba maki. Ki sa safar hannun nan da kike cewa tana sa ki gumi, kada ki yi gadon Babanku. Ki tattare bakin hijabinki in kina kusa da wuta da kwalabe. Kada ki ci komai a ɗakin awon, ko goro ne, ko dabino. In ba ki gane abu ba ki ce ba ki gane ba, kada ki gyaɗa kai. Kuma in kin zama babba, aka fara kiranki da wani dogon suna, ki dinga zuwa gida, kada ki dinga aike.

Yanzu ki duba ƙasan babbar jakarki. Akwai ƙullin wake a farin buhu, wannan na duro ne, na tsince maki shi, ki dafa ki ci ki ba abokan ɗakinki. A can gefe ɗaya kuma, cikin bokitin roba mai murfi, akwai ƙulli biyu da na naɗe a leda na ɗaure da jan ƙyalle. Ɗaya daga sitonmu ne. Na ari ƙarfen nan mai rami da masu sari ke soka wa buhu, na ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, yadda na taɓa jin kina faɗa wa wata a waya. Babanku bai sani ba, in ya sani ni da shi ne. Ɗayan na Lantana ne, daga buhun da take soyawa. Na koma na ce mata ki gani da idonki, daga nan za a kai, ta ce in ɗiba, ita ba ta da abin ɓoyewa. Na rubuta sunan kowanne a jiki. Ban bakace ba, ban tsince ba, ban shanya ba. Hannuna har ƙaiƙayi yake in cire tsakuwar, na danne shi. Ban sani ba ko ledar ta ɓata wani abu, ko zafin mota zai ɓata, ko sai kin zo da kanki kin sake ɗiba. In haka ne ki zo, kada ki jira hutu.

Tun da na haife ki ban taɓa haɗa maki abinci na ce kada ki ci ba. Wannan mai jan ƙyallen kada ki ci, kada ki dafa, kada ki bar shi inda wata za ta gani ta ɗauka tsaraba ce.

Na ɗaga hannu zan yi addu'a a kansa na rasa me zan roƙa. In na ce Allah Ya sa a gani, bala'i na roƙa wa garinmu. In na ce Ya sa kada a gani, ba zan yarda ba, zan ce wani abin na sake ɓatawa. Sai na ce Allah Ya nuna maki abin da ke ciki, ko mene ne.

Allah Ya yi maki albarka, Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya buɗe maki ƙirji, Ya sanyaya zuciyar malamarki a kanki, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare waɗanda za su karya kumallo a bakin tasha gobe da jibi. Ki yi sauri, Saratu, kullum sai ta soya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Inna